Me za mu kira "saitokin sitom" a shirin rediyo?

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum malamaina. Gobe da hantsi zan naɗi shiri, kuma likitan da na gayyato zai yi magana kan saitokin sitom, wato yadda garkuwar jiki ke wuce gona da iri ga mai korona mai tsanani. Masu saurarenmu na Gwadabawa da Illela ba za su gane Turancin ba. Na rubuta "guguwar garkuwar jiki". Ta zauna?

Likita: Hajiya, guguwa daga waje take zuwa, wannan kuwa jiki ne da kansa. Saitokin ƙananan sinadarai ne da ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna, kamar sankira mai yekuwar a fito. Idan yekuwar ta ƙi tsayawa, sai jijiyoyin jini su fara yoyo, ruwa ya taru a huhu, jini ya riƙa daskarewa, wani lokaci har ƙoda ta taɓu. Yawanci a mako na biyu abin ke juyewa, lokacin da 'yan uwa ke ganin an fara samun sauƙi. Ni "ambaliya" zan ce.

Malamin Hausa: Garkuwa ba ta ambaliya, Likita, ba gulbin Rima ba ce. Kalma guda ta ishe mu: bore. "Boren garkuwar jiki". Tun lokacin kullen 2020 nike faɗin haka, ba wanda yas saurara.

Likita: Allah shi gafarta Malam, bore juya wa mai gida baya ne. Wannan sunan ya fi dacewa da cututtukan da garkuwa ke kai wa jiki hari kai tsaye, irin su lufus. A nan kuwa ƙwayar cutar ce garkuwar take yaƙa, ƙarfin ne ya yi yawa. Shi ya sa maganin rage mata zafi ke aiki. Gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna irin wannan maganin, dezametason, ya rage mutuwa da kusan kashi 1 cikin 3 ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da 1 cikin 5 ga masu iskar oksijin kawai. Wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba bai amfana ba. Hajiya ki jaddada wannan, kada mutane su ruga kemis.

Ɗalibi: To a ce "guguwar saitokin" mana, a huta. Ai allura da asibiti ma aro ne.

Malamin Hausa: Kai yaro, aron da kakanninmu sunka yi daban, ragganci daban. Garin da anka rubuta littattafai tun zamanin Shehu za a ce ya rasa kalma? Kullum sai mun jira gidajen rediyon waje ko mutanen Kano sun yanke muna.

Wani daga Kano: Malam me ya kawo Kano nan kuma? Ku kawo taku, in ta yi daɗi mu ɗauka.

Malamin Hausa: Kun taɓa ɗauka?

Mai shirin lafiya: Don Allah ku yi haƙuri, dare na yi. "Tunzurin garkuwar jiki" fa? An tunzura ta, ta kasa tsayawa.

Likita: Wannan ta fi kusa. Saura infilameshan, wato zafi da kumburar da garkuwar ke jawowa a inda take yaƙi. In kin ce "kumburi", mai sauraro zai duba ƙafarsa, ya ga ba komai, ya ce lafiya lau yake. Na huhu ba a ganinsa da ido, sai a gwajin jini da hoton ƙirji.

Ɗalibi: "Ruruwa"?

Malamin Hausa: Ruruwa ta miki ce da wuta. Ki ce "kumburin ciki".

Likita: Sai su ɗauka ciwon ciki ne, Malam.

Mai shirin lafiya: To zan ce "kumburin huhu", likita ya ƙara bayani da bakinsa. Ɗayar kuma tunzuri. Malam ka yarda?

Malamin Hausa: Ki yi shirinki, ɗiyata. A ajina dai bore za su rubuta.