Babur ko mota: wa ya fi tsira idan hatsari ya zo?

Mai Babur: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa na ce mai babur ya fi na cikin mota tsira, aka yi mini ca. A kan babur kana hango abu ya taho sai ka yi tsalle ka bar masa ƙarfen. Na mota kuwa bel ya ɗaure shi, ƙofa ta maƙale, in wuta ta tashi sai dai a kwashi toka.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekarata tara a ɗakin 'yan hatsari. Masu tsallen nan su ake kawo mana kai a fashe, jini na bi ta kunne, takalmi ƙafa ɗaya. Kwalta ba katifa ba ce. A Amurka an lissafa, in tsawon tafiya ɗaya ne, mai babur ya fi na mota yiwuwar mutuwa sau fiye da 20.

Mai Babur: Anti, Amurka daban, Kano daban. Baburansu kamar jirgi suke gudu. Nawa Bajaj ne, da kyar yake kai 80.

Baba Direba: Yaro, 80 ɗin ma ta isa. Shekara 30 ina hanyar Kano zuwa Zariya, tun ina yaron mota. Mota ta kife sau uku, wanda ya zauna a ciki ya fito yana salati, wanda taga ta tofar shi muke rufawa da ganye. Ni abin da nake tsoro gaba da gaba ne, wajen shan gaban mota a kwana. Sai tirelar da ta lalace da dare ba fitila, an zuba 'yan rassa a bayanta, ƙaramar mota ta shige ƙarƙashinta, rufin ya tafi da kawunan mutane. Nan kam bel ma bai cika ceto ba.

Injiniya: Baba, in ƙara kaɗan. In ka ninka gudu daga 60 zuwa 120, ƙarfin bugun sau huɗu yake zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel na rage mutuwa da kusan rabi. Amma bugun gefe mugu ne, don tsakaninka da ɗayar motar ƙofa ce kawai. To ka ga mai babur ko ƙofar ba shi da ita.

Mai Babur: To gobarar tankar fetur a Majiya ta jihar Jigawa fa? Oktoban 2024, mutum fiye da 150 wuta ta ci.

Anti Nas: Kai ma ka sani, tankar ta riga ta faɗi, mutane suka zo da ƙafarsu ɗibar fetur. Ba bel ne ya riƙe su ba.

Hajiya: Ni dai kowa da ajalinsa. Allah ya tsare mu.

Baba Direba: Amin Hajiya. Amma cewa aka yi a ɗaure raƙumin tukuna.

Mai Babur: Na ji na bel, ban ji na tsalle ba. Sau biyu ina yi, ga ni a raye.

Injiniya: Waɗanda bai yi wa ba ai ba sa nan balle su ba mu labari. Kana da hular kwano kuwa?

Mai Babur: Tana gida, Maman yara na awon wake da ita.

Baba Direba: Gara kai. A 2009 da dokar hular ta fito, da idona na ga 'yan acaɓa da ƙwarya a ka, an shafa mata fenti an ɗaure da igiya.