Masu awon suga a gida, me lambobin suka nuna muku?

Assalamu alaikum. Da yawanmu muna da na'urar awo, amma sai mu huda yatsa, mu kalli lamba, mu mayar da ita jaka. Wa ya taɓa sauya wani abu saboda abin da ya gani?

Daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni littafin 'yan makaranta na saya. Ina rubuta awon safe kafin in karya, da na awa biyu bayan cin abinci, kuma a gefe in sa abin da na ci. Likita ya ce na safe ya tsaya tsakanin 80 da 130, na bayan abinci kada ya kai 180. Littafin nan ne ya tona asirin koko. Ko ban sa suga ba, in na sha cike da kofi sai awon ya haura 200, amma rabin kofi da ƙosai ba ya kai ni can. Tuwon dare ma na rage malmala, na ƙara miyar ganye. Da na je ganin likita a asibitin Shika, sai da ya bi littafin shafi-shafi kafin ya taɓa maganina.

Daga Samaru:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. A kula da irin na'urar: wata da ma'aunin mmol take nuna suga, wata da ma'aunin mg, irin lambobin da kika kawo. Da 18 ake ninka mmol a sami mg, wato 7 a mmol daidai yake da 126 a mg. Kuma a wanke hannu tukuna, musamman bayan shan rake ko lemo.

Daga Sabon Gari:
Ni saukar suga ce matsalata, don allurar insulin nake yi. Wajen la'asar sai zufa da karkarwa su kama ni a shago, ina ɗauka gajiya ce. Ran da na auna a daidai lokacin, 62 na gani, alhali ƙasa da 70 haɗari ne. Likita ya gyara mini allurar, yanzu ba na rabuwa da alewa a aljihu. Ya kuma ce a azumi in awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya wuce 300, in karya.

Daga Gyallesu:
Mahaifiyata nake jinya, kuma wallahi sitirip, wato ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a na'urar, ya yi tsada. Sai muke juya lokacin awon: yau da safe, gobe bayan abincin rana, jibi da dare. Duk wata uku kuma a yi mata HbA1c, gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sugan watannin baya. Yaya na Sabon Gari, cikin dare ma yana sauka maka? Inna tana tashi jiƙe da zufa wajen ƙarfe uku.