Catamaran da Hausa, me za mu kira shi?

Jama'ar Jidda ku matso, musamman masu zuwa bakin teku a Ubhur ranar Juma'a. Jirgin nan mai gangar jiki biyu da aka haɗa da itace a tsakiya, iska ke tura shi, wani ɗan uwanmu kafinta yana ta fama da nasa da ya ƙera da katako da faiba, a sa a ruwa a fitar a gyara a sake sawa, amma har yau ba mu da sunan da za mu kira abin.

Kalmar ma ba ta Turawa ba ce, daga Tamil na kudancin Indiya suka ɗauko, kattumaram, wato itacen da aka ɗaure. Shi ya sa wani ya ce a ce "ɗaurarren jirgi". Ni dai ban yarda ba, kowa ya ji zai zaci wanda aka ɗaure a bakin gaɓa ne.

Wani kuma ya ce "jirgi mai ciki biyu". Haba Malam, saura kaɗan ka ce mai juna biyu, yara za su mai da mu abin dariya.

Sunan ya kamata ya nuna abin da ya raba shi da sauran. Jirgin iska mai jiki ɗaya nauyi ake sa masa a ƙasa don kar ya kife, wannan kuwa faɗinsa ne ke riƙe shi, shi ya sa ba ya nutsa sosai cikin ruwa, ga gudu, kuma ya dace da Bahar Maliya inda murjani ya cika wurare marasa zurfi. Amma fa yana da halinsa, in za ka juya shi ta fuskar iska sai ya tsaya cak yana gardama, in kuma ya kife to ba ya tashi da kansa. Kafintan namu wajen juyawar nan yake shan wuya, ya matsar da sandar ƙyallen da iska ke turawa, ya ƙara girman allunan sitiyarin na baya, yanzu kuma itacen tsakiyar ke yin ƙara in igiyar ruwa ta ɗaga ɓangare ɗaya ta bar ɗaya. James Wharram, Baturen Ingila da ya ƙetare Atlantika da irin wannan jirgi da ya ƙera da hannunsa, a jiragensa na baya da igiya yake ɗaure itacen nan don ya riƙa ɗan motsi.

Nawa zaɓin: jirgin tagwai. Tunda mun saba da tagwayen hanya ba wanda zai tsaya tambaya, jam'i jiragen tagwai, ɓangarorin kuma Hassan da Usaini. Wani dattijo ya ce to mai jiki uku fa, trimaran? Kafin in buɗe baki aka ce ai wannan ya zo da Gambo.

Mutanen Port Sudan kun fi mu zama da masunta, itacen tsakiyar nan me kuke ce masa?