Musayar Waƙa: Tunawa da Kakanmu na Wusasa

Babbar jika: Tun da shekara ta zagayo da rasuwar Kaka, na ga ya dace mu tuna da shi da baitoci kafin ranar sujadar godiya a cocin St. Bartholomew. Kowa ya ɗora a kan na ɗan'uwansa, babban amsa-amon kuwa "wa" ne.

Ina farawa da sunan Mai Sama,
Da ya ba mu tsoho mai daraja da ƙima,
A gindin dutsen Wusasa ya girma,
Can kuma ya kwanta yana hutawa.

Mahaifinsa ɗan Isawa ne na Gimi,
Masu girmama Annabi Isa da neman ilimi,
Ciwon barci ya ci garin, ya bar su da jimami,
Suka kwaso 'ya'yansu suna tahowa.

A 1929 mishan ta bar birnin Zariya,
Aka tayar da coci a Wusasa da jar ƙasa, ginin gargajiya,
Can aka yi masa baftisma yana goye a baya,
Can ya koyi karatu da rerawa.

Ƙanenta:

Yaya, kin kawo asali, ni zan kawo asuba,
Sa'ad da yake tashinmu, sanyi na ratsa gaɓa,
Ya kunna aci-balbal, ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya duba,
Mai gyangyaɗi kuwa kunnensa ya sha murɗawa.

Littafin bugun 1932 ne, na farko,
Fassarar su Likita Mila da rubutun boko,
Bangon ya ɓalle, ya liƙe shi da danƙo,
Bai yarda da sabon juyi ba har rasuwa.

Ran Lahadi ba mai taɓa fartanya,
Ko da ciyawa ta rufe gona har kan kunya,
Na taɓa zamewa ƙwallo, na sha tsumagiya,
Har yau gadon bayana yana tunawa.

Gwaggo: Ɗana, ban musa maka tsumagiyar ba, domin mu da ya haifa mun riga ku shanta, amma akwai abin da ba ku tarar ba.

In an kawo dawa gida, Baba ke ƙirga dami,
Na goma na Ubangiji ne, ba a buɗe masa baki da tsegumi,
Ya ɗora a jaki, ya kai wa malami,
Kafin mu ɗanɗana sabuwar dawa.

A farin 1973, da damina ta yi gardama,
Ya buɗe rumbu ga gwauraye da marayu duka ba ƙyama,
Inna ta ce, "Malam, mu fa?" Ya nuna mata sama,
Muka sha kunu zalla, amma ba mu kwana da yunwa.

Jikan maƙwabcinsa: Gwaggo, a gafarce ni na shigo cikin zancen dangi. Ni Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba gidanmu da naku, kuma ina da nawa bashin da zan biya.

A zaurensa akwai buta da tabarma,
Ya tanada domin baƙo mai salla, don girma,
In an kira azahar ya ce, "Tashi ka ba da farali, kada ka yi fama,"
Shi kuma ya ja bakinsa har a idar, ba ya katsewa.

Da Babbar Salla cinyar ragonmu tasa ce,
Da Kirsimeti shinkafarsa a gidanmu take har maraice,
A 1987, da wuta ta ci coci-coci a Zariya, mutane suka rikice,
Kakana ya kwana a ƙofarku yana tsarewa.

Da kakana ya rasu, shi ya fara isowa,
Ya zauna makoki kwana uku ba gajiyawa,
Na yi amsa-amo ɗaya a nan, ku yi mini afuwa,
Hawaye ne suka hana ni zaɓawa.

Autar jikoki: Ku duka kun san shi da ƙarfinsa. Ni amaryarsa ce ta wasa, ni kuma na yi jinyarsa.

Angona ya tsufa, idanu suka dushe,
Ya ce, "Amarya, zo ki karanta mini kamar kullum da safe da yamma, koyaushe,"
In na tsallake aya a Zabura ta 90, sai ya murtuke,
Ya kawo ta da ka, yana gyarawa.

Daren ƙarshe 'yan zumuntar mata suka zo da tulu,
Suka yi masa waƙar yabo a hankali, a falo,
Leɓensa na motsi, hannunsa na bin kiɗan bisa bargon ulu,
Kafin ƙararrawar asuba ya yi barci, ba farkawa.

Gwaggo, ina tambaya a gaban yayyena: a hannun wa Littafin yake yanzu?

Gwaggo:

Yana cikin adakata, naɗe da ƙyallen rawaninsa,
Da sunayenku duka a shafin farko, da rubutun hannunsa,
Auta, ke za ki karanta ranar sujadar tunawa da shi a cocinsa,
Ki zo da wuri, shafin Zaburar ya kusa rabewa.