Dokin da ya zubar da mahayinsa zai iya cin sukuwa?

Barden Unguwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ƙanena ya turo mini wani tsohon fim, baƙi da fari, bai kai minti 15 ba, na wata sukuwa a Italiya. Ba na jin yaren mai bayanin, hoto kawai na bi. Fili ne a tsakiyar gari, mutane sun cunkushe a ciki kamar ranar idi, dawakai na zagaya su. Ba sirdi, ba likkafa. A wata kwana wani doki ya zubar da mahayinsa, ya ci gaba da gudu har ya riga kowa, sai ga jama'a sun rufe shi suna rungumarsa suna kuka. Sau uku ina maido da wurin baya. Shekara 20 ina harkar doki, ban taɓa jin an ba doki nasara ba kowa a bayansa ba. Da gaske ne, ko shiri ne?

Ɗan Ci-rani:
Wa alaikumussalam Barde. Ba shiri ba ne. Sunanta Palio, a garin Siyena ake yi, sau biyu a shekara, 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Unguwanni 17 ne a garin, 10 ke shiga kowace sukuwa. Zagaye uku ne, kusan minti ɗaya da rabi an gama. A wurinsu doki ne ke wakiltar unguwa, shi ma da ƙuri'a ake raba shi. Mahayin kuwa ɗan haya ne, galibi baƙo, ba su ma cika yarda da shi ba, don ana iya saye shi. Ko a Agustan 2019 dokin da ba mahayi ne ya ci. Kafin a fita har cocin unguwa ake shiga da dokin a sa masa albarka.

Maman Khalifa:
Ni dai tausayin dabbobin nake ji. Na ga irin bidiyon, a guje suke shan kwanar nan.

Ɗan Ci-rani:
Gaskiyarki Hajiya. Kwanar San Martino ke nan, har katifu ake jerawa a bango saboda ita, kuma duk da haka an sha asarar dawakai a wurin. Masu kare haƙƙin dabbobi sun daɗe suna ƙorafi.

Barden Unguwa:
Ikon Allah! To me ake ba wanda ya ci? Na ga dai suna ɗaga wani ƙyalle.

Ɗan Ci-rani:
Shi ne kyautar, tutar siliki mai zane, unguwa ta adana abinta. Wanda ya zo na biyu kuwa ya fi na ƙarshe shan tsiya.

Barden Unguwa:
Na gode. Bari in nuna wa yaron dokina fim ɗin, shi da kullum yake cewa ba don shi ba Akawal ba zai tsinana komai ba.