Shawarwari kan ɗauke tsohon ogan na coci

Wasu masu gyaran ogan mai bututu, wato babban kayan kiɗan coci da iska ke busa bututunsa, sun tattauna kan yadda ake sauya wa tsohon ogan mazauni, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa kada a kwance ko ƙusa ɗaya sai an ɗauki hoton komai, an sa wa kowane bututu lamba. Bututun ƙarfen haɗin kuza ne da dalma, yana da taushi ƙwarai, matsar hannu kawai na iya loɓa shi ta canza masa murya. Shi ya sa ake kwantar da su a akwatunan katako, layi layi.

Kafin nan ma a auna sabon ɗakin. Bututu mai ƙafa 16 ya kai kusan mita 5, kuma dole daɓen ya iya ɗaukar nauyin.

An ɗan yi jayayya kan fatar tumaki da ke jikin zugazugin da ke hura wa bututun iska. Wasu sun ce a bar ta asali, amma mafi yawa sun ce in ta bushe ta tsage, iska za ta riƙa zurarewa, gara a sake ta. A ganina su ke da gaskiya.

An kawo misalin cocin Notre-Dame na Paris: gobarar 2019 ba ta ƙone babban ogan ɗin ba, ƙurar dalma ce ta lulluɓe bututunsa kusan 8,000. An kwance shi a 2020, aka wanke, aka mayar, kuma da dare ake daidaita muryoyinsa saboda hayaniyar ma'aikata.