Neman shawara: in cika kuɗin tafiyar ƙanina Turkiyya, ko in dakata?

Mai Shago a Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwanan nan ko barcin kirki ba na samu.

Ni mazaunin Garwa ne, ina sayar da kayan babur. Mahaifinmu ya rasu ƙanina yana firamare, ya bar mu mu bakwai, ni ne babba. Bayan sadakar arba'in Baffanmu ya ce zai tafi da yaron Marwa ya sa shi a shagonsa na yadi. Inna ta ce ba mai raba ta da marayanta. Daga nan zumunci ya yi tsami, har maganar gonar gado ta shigo, wadda har yau ba a raba ba, kuma Baffa ke nomanta yana aiko mana da abin da ya ga dama. Ni na ɗauki nauyin karatun yaron. Ya ci jarrabawar BEPC ta ƙaramar sakandare, ya zo ta Probatoire ta babbar sakandare ya faɗi, ya ce shi ya gama da boko. Baffa ya aiko a gaya mini wai ga abin da ya hango tun farko.

To yaron nan Allah ya ba shi ƙafa. Lamba tara yake bugawa a gasar yanki, shekararsa 20. Da an sallame asuba zai ɗaura takalmi ya yi gudu har gadar Binuwai ya dawo. Takalmin ƙwallonsa ya sha ɗinki wurin baduku har ba a gane asalin launinsa. Idan ya ba mai tsaron baya baya, ya tare ƙwallo da ƙirji ya juya ta hagu, sai dai gola ya yi addu'a.

A gasar hutu wani mutum daga Duwala ya ɗauke shi bidiyo da waya. Ya ce ejan ne, wato dillalin 'yan wasa, zai kai shi gwaji a wani kulob na rukuni na biyu a Turkiyya. Kuɗin jirgi, biza da masauki sefa miliyan 2. Na ba shi 700,000, shanun Inna biyu muka sayar. Ya ce in cika kafin ƙarshen wata don kada kasuwar sayen 'yan wasa ta Janairu ta wuce mu, kuma a yi wa yaron sabuwar takardar haihuwa ya koma 17. A gefe guda wani kulob na Elite Two, wato rukuni na biyu na gasar Kamaru, a kudu yana son sa, amma albashin ko kuɗin cefane bai kai ba. Sauran kuɗin sai na jinginar da shago. Me kuka gani?

Ɗan Kusiri:
Wa alaikumus salam. Yaya, mene ne sunan kulob ɗin? Kun ga takardar gayyata?

Tsohon Koci:
Ɗana, kada ka ƙara ba shi ko dala. Na horar da yara tun kafin a haifi ƙaninka, kuma maganar mutumin nan ita da kanta ta ƙaryata kanta. Dokar FIFA, sashe na 19, ta hana a kai yaron da bai kai 18 ba wata ƙasa ya sa hannu a kulob, sai da wasu dalilai ƙalilan da ba su shafe ku ba. Yaronka yana da 20, ƙofa a buɗe take gare shi. In aka mai da shi 17 an rufe ta. Wane ejan na gaskiya ne bai san wannan ba?

Kuma kulob da yake son ɗan wasa shi ke aiko da gayyata a kan takardarsa mai hatimi, yawanci shi ke biyan jirgi da masauki. Ejan yana cin nasa ne bayan an sa hannu a kwantiragi. Tun 2023 FIFA ta dawo da jarrabawar lasisin ejan, sunayen masu lasisi suna shafinta na intanet. Ka nemi lambar lasisinsa yau.

Ka dubi Vincent Aboubakar, wanda kowane yaro a Garwa yake son ya zama. A Coton Sport ya yi suna, a nan gida. Lokacin da aka tafi da shi kofin duniya na 2010, shi kaɗai ne a tawagar Kamaru yake wasa a cikin ƙasa. Valenciennes ta Faransa ta zo ta same shi a inda yake. Wa ya sayar da saniya?

Mai Shago a Yelwa:
Baba Koci na gode, amma mutumin ba ɗan damfara ba ne. Ya zo gidanmu, ya durƙusa ya gai da Inna, mun yi sallar la'asar tare. Ya nuna mini hotunansa da 'yan wasa a filin jirgi. Maganar shekaru kuwa ya ce kowa haka yake yi, Turawa ba sa sayen ɗan gaba da ya haura 20.

Gola Na Dā:
Ni dai abin da zan ce, kada a tura shi kudu. Na yi kaka biyu a wani kulob can, ba zan kama suna ba. Mu shida a ɗaki ɗaya, wata biyar babu albashi, sai shugaban kulob ya zo bayan wasa ya miƙa mana dubu bibbiyu a ambulan. Ranar da na karye a yatsa ni na biya kuɗin hoto da kuɗin ɗori. Da azumi ya zo koci ya ce ko in sha ruwa ko in zauna a benci. Yau haya nake yi da babur, gwiwata ta dama ba ta lanƙwasuwa in sanyi ya shigo. Masu cewa a yi haƙuri a gida ba su taɓa kwana da yunwa ana gobe wasa ba. In akwai hanyar fita, ya fita.

Tsohon Koci:
Kai ma ka san ban ce gida aljanna ba ce. Amma wanda ba a biya shi ba a kudu zai iya hawa mota ya dawo gaban uwarsa. Wanda bizarsa ta ƙare a Istanbul fa? Akwai yaran Afirka da yawa can da aka ajiye a otal, ejan ya kashe waya, kunya ta hana su dawowa.

Kuma "kowa haka yake yi" ta ƙare. A ƙarshen Disambar 2022 an yi wa 'yan ƙasa da 17 na Kamaru hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarunsu, 21 cikin 30 suka faɗi. A Maris 2024 hukumar ƙwallon Kamaru, FECAFOOT, ta dakatar da 'yan wasa 62 kan zargin takardu biyu. Yaronka yana da lasisin gasar yanki, ko ba haka ba? To ranar haihuwarsa tana cikin kwamfutarsu. Kuma sunansa yana rajistar BEPC.

Maman 'Yan Biyu:
Ni tambayata ɗaya. Duk rubutun nan ban ji abin da shi yaron ya ce ba. Kuma Inna ta san cewa shagon da ake ci da shi za a jinginar? Mijina haka ya kwashe jarinmu ya ba ƙaninsa ya tafi Aljeriya, ba a shawarce ni ba, sai da mai gida ya zo karɓar haya na sani. Har yau ni ke sayar da ƙosai ina biyan kuɗin makarantar yara, dangin miji kuwa ko sannu. Ku maza in kun ƙulla abu sai ya watse mata su ji.

Ustaz Na Lopere:
Ƙwallo halal ce ko ba halal ba, wannan wata magana ce. Amma canza takardar haihuwa shaidar zur ce, kuma duk abin da zai ci da ita an gina shi a kan ƙarya. Ka yi istihara, ka je ka sasanta da Baffanka. Wataƙila shagon yadin ne alherinsa.

Mai Shago a Yelwa:
Malam, don Allah a bar maganar Baffa. Mutumin da ya riƙe gonar marayu ba shi zan kai wa kuka ba. Hajiya, Inna ita ta ce a sayar da shanun, ban tilasta mata ba. Yaron kuwa ba ya musu da ni.

Ɗan Kusiri:
Yaya, ba ka amsa mini sunan kulob ba. Kuma me ya sa dole sai Turai? Mu nan tsallaken gada muna ganin 'yan Cadi. Ezechiel N'Douassel ya buga a Tunisiya, ya je Indonesiya ya ci ƙwallaye a Persib Bandung, ya riƙe gidansu da ƙafarsa. Ko Njamena ma akwai kulob da za su ɗauke shi, yana kusa da ku, yana cin abincin da ya saba.

Tsohon Koci:
Njamena ba mai zuwa kallon ɗan wasa, gasar ma sau nawa tana tsayawa. Ku saurare ni. Ɗan gaba ba kamar sauran 'yan wasa ba ne, da ƙwallo a raga kawai ake auna shi, kuma raga tana da wuyar sabo a baƙon wuri. Aboubakar ya yi kaka uku a Valenciennes bai yi abin a zo a gani ba. Sai da ya koma Lorient a 2013 ya ci 16 a gasar lig, sannan Porto ta saye shi a 2014. Victor Osimhen ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba, sai da aka ba da aronsa Charleroi ta Beljiyam ya farfaɗo. Waɗannan suna da kwantiragi, ana biyansu suna koyo. Naka za a ba shi mako guda cikin sanyin Janairu, abokan gwajinsa kowa ta kansa yake yi, ba mai ba shi fas. Yaron da ya tashi a zafin Garwa! Ko da gwajin gaskiya ne, ta yaya zai ci?

Kuma ku tuna, bayan ƙwallon da Aboubakar ya ci Masar a minti na 88 a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2017, a 2018 jijiyar gwiwarsa ta tsinke, ya yi watanni a kwance. Porto ta yi masa aiki ta yi jinyarsa. Naka in ya tsinke a wurin gwaji, shagonka da ka jinginar ne zai biya?

Ka kawo mini shi filin atisaye ranar Asabar in gan shi da idona. In yana da abin da ka faɗa, na san wanda zan kira. Ya buga kaka ɗaya a Elite Two ya ci 10, za ka ga masu lasisi suna neman lambarka.

Gola Na Dā:
Baba Koci, da girmanka, "na san wanda zan kira" ɗin nan mun sha jin ta. Yara nawa ka fitar?

Tsohon Koci:
Ban fitar da kowa da takardar ƙarya ba, kuma ba uwar da ta taɓa zuwa ƙofar gidana tana kuka.

Mai Shago a Yelwa:
Na kira ejan ɗin yanzu. Ya ce sunan kulob sirri ne har sai an gama, don kada wasu ejan su shiga gabansa. Lasisi kuma na abokin aikinsa ne da ke can. Ya ce in na fasa, 700,000 ta riga ta tafi wurin biza, kuma akwai wani yaro a Ngaundere da iyayensa ke riƙe da kuɗi a hannu. Maganar shekaru ya ce za a iya mai da shi 18 in hankalina bai kwanta ba. Kun ga ai yana da sauƙin kai. Ku da kuke cewa in bari, ba ku ne za ku kalli Inna ku ce mata shanunta sun tafi a banza ba, kuma ba ku Baffa zai yi wa dariya ba.

Maman 'Yan Biyu:
Har yanzu ba ka tambayi yaron ba.

Ɗan Kusiri:
Ka ce ya turo rasit ɗin biza. In ya biya, akwai takarda.

Mai Shago a Yelwa:
Asabar akwai ɗaurin aure a unguwarmu, Baba Koci, sai dai wani makon. Akwai wanda ya san inda ake ba da bashi a kan shago ba tare da ruwa mai yawa ba? Tambaya kawai nake yi.